Darasi na 14: Motsa Jiki Cikin Sauƙi ga Mata Masu Ciwon Zaizayar Jijiya

Ku sani, ya ku 'yan'uwa mata masu neman ilimi, Allah Ya yi muku albarka, cewa daga cikin cututtukan da ke samun ɗan Adam akwai waɗanda kwanciya ce rabin maganinsu, kamar zazzaɓi mai zafi da sabuwar karaya, akwai kuma waɗanda idan aka yawaita musu kwanciya sai ita kanta ta zama cuta ta biyu a kan ta farko. Ciwon da za mu yi bayani a wannan darasi yana cikin kashi na biyu. Da yake galibin waɗanda yake kamawa mata ne masu sauran ƙuruciya, waɗanda ke tsakiyar goyo da hidimar gida da neman na cefane, ya zama wajibi a kan kowace mace da ta zauna a wannan aji, daga Kwararafa ta fito ko Dilimi ko Gangare ko Unguwar Rogo a nan Jos, ta san haƙiƙaninsa, ko da Allah Ya kare ta daga gare shi, domin wata rana ta amfanar da 'yarta ko maƙwabciyarta.

Haƙiƙanin ciwon

Likitoci suna rubuta sunansa a katin asibiti da haruffa biyu, watau MS, mu kuwa a nan za mu kira shi ciwon zaizayar jijiya. Kada a rikita shi da sikila, wadda cuta ce ta jini da ake gado, babu kuwa wata dangantaka tsakaninsu. Jijiyoyin da muke nufi su ne na ƙwaƙwalwa da laka da na gani, waɗanda Allah cikin hikimarsa Ya sanya su ɗauki saƙo daga kai zuwa gaɓoɓi, su kuma komo da labarin abin da fata ta ji da abin da ido ya gani. Kowace jijiya daga cikinsu tana lulluɓe da wata riga mai maiƙo, tamkar yadda wayar lantarki take cikin roba. Idan ɓera ya gaigaye robar nan a wurare dabam-dabam, wayar tana nan ba ta tsinke ba, amma wuta sai ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. To, a wannan ciwo garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta, ita ce take kuskure ta far wa rigar nan, ta bar tabo nan da can, har saƙo ya riƙa jinkiri a hanya ko ya kasa isa.

Daga nan ne alamominsa suke fitowa, suna kuwa saɓawa daga mace zuwa mace gwargwadon inda tabon ya faɗa. Wata idonta ɗaya ne zai dushe, tare da zafi idan ta juya shi. Wata ta riƙa ganin abu biyu-biyu. Wata ƙafarta ta yi nauyi tana jan ta, ko hannu ya riƙa minjirya kwana da kwanaki. Wata jiri da tangaɗi. Wata sanƙarewar tsoka, ko fitsari ya riƙa matso ta ba shiri. Wadda ta fi kowace yawa, ta kuma fi jawo wa mai ita zargi, ita ce gajiya, irin wadda mace za ta tashi daga barcin dare cikakke ta ji kamar ta wuni tana daka. A wajen kusan kashi 85 cikin 100 na masu ciwon, yakan fara ne da tasowa da lafawa: ya taso na kwanaki ko makonni, sa'an nan ya lafa na watanni, wani lokaci na shekaru. Wannan ɗabi'a tasa ta zuwa da komawa ita ce ke sa mutanenmu su yanke hukuncin cewa jifa ne, ko sammu, ko shafar iska, har a fara zargin kishiya ko maƙwabciya, alhali kuwa Allah Ya san babu ruwansu. Addu'a makamin mumini ce, babu mai hankalin da zai hana ta, amma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, munana zato ga bayin Allah kuwa alhaki ne.

Likitan da ya fara siffanta ciwon filla-filla Bafaranshe ne mai suna Sharko, a birnin Faris, a shekarar 1868. Ƙididdigar da ƙungiyar duniya ta masu wannan ciwo ta fitar a 2020 ta nuna mutum wajen miliyan 2.8 ne ke ɗauke da shi, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma galibi yana bayyana ne tsakanin shekara 20 da 40 da haihuwa. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Turai, ya yi ƙaranci a ƙasashenmu na zafi. Amma fa a lura, tabbatar da shi yana bukatar likitan jijiyoyi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI, dukansu biyu kuwa ba su wadata a ƙasarmu ba, saboda haka ƙarancin lissafi ba hujja ba ce ta rashin masu ciwo. Ba a ɗaukarsa ta hanyar cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko aure. Macen da ta ga irin alamomin nan a jikinta, abin da ya kamace ta shi ne ta nufi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko na Jankwano, a bincika, domin akwai wasu cututtuka na laka da na ido masu kama da shi waɗanda maganinsu dabam ne.

Abin da ya sa aka daɗe ana hana su motsi

Ba mutanenmu kaɗai ne suka ɗauka cewa mai wannan larura sai kwanciya ba. Likitocin Turai da kansu sun shafe shekaru masu yawa suna ba da wannan umarni, suna kuwa da abin da suka dogara a kai. A shekarar 1890 wani likitan ido Bajamushe mai suna Uthof ya lura cewa wasu daga cikin majinyatansa, da zarar sun yi aikin ƙarfi jikinsu ya ɗau zafi, sai ganinsu ya ƙara dushewa, in sun huta kuma ya komo. Tun daga nan aka riƙa ganin motsi a matsayin abokin gaba, har aka yi zamanin da ake tsoma mutum cikin ruwan zafi don a gane ko ciwon ne da shi. Sai daga baya aka fahimci cewa jijiyar da rigarta ta zaizaye ba ta jure wa zafi, ta yadda ƙarin da bai wuce rabin digiri ba a ɗumin jiki yana iya sa saƙo ya tsaya, amma tsayawar ta ɗan lokaci ce, ba ta ƙara tabo, da jiki ya huce al'amari sai ya koma yadda yake.

A shekarar 1996 wani likita mai suna Petajan da abokan aikinsa a Jami'ar Yuta ta Amurka suka buga sakamakon wata tajriba da ta sauya fatawar likitoci. Sun ɗauki masu ciwon 54 suka kasa su gida biyu, kashi ɗaya suka riƙa motsa hannu da ƙafa a kan keken motsa jiki na minti 40, sau 3 a mako, har mako 15, ɗaya kashin kuwa aka bar su yadda suka saba. Da aka auna sai aka tarar waɗanda suka motsa sun ƙara ƙarfi da juriya, gajiyarsu da ƙuncin zuciyarsu sun ragu. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan natija, ya kuma nuna cewa motsi gwargwado ba ya tayar da ciwon. A 2013 masana a Kanada suka tsara mizani ga waɗanda larurarsu ba ta yi tsanani ba, watau minti 30 na motsin da ke ɗan ɗaga numfashi sau 2 a mako, da motsin ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. A 2020 kuma ƙungiyar masu ciwon ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa haɗa minti 150 a mako, ko da a gutsure ne, har da ayyukan gida a cikin lissafin.

Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa ga wadda ta taɓa jinyar tsohuwa. Tsokar da aka bari ba aiki takan motse cikin makonni kaɗan, gaɓar da ba a lanƙwasawa takan ƙage, ƙashi ya yi rauni, ciki ya ɗaure, barci ya lalace, zuciya ta cika da tunani. Sai ka ga mace wadda ciwon ya ɗauke mata kashi ɗaya na ƙarfinta, zama ya ɗauke mata kashi biyu, mutanen gida kuwa suna jingina dukan asarar ga ciwon. Kashin da ciwo ya ɗauka yana hannun Allah da likita, wanda zama ya ɗauka kuwa ana iya ƙwato shi a tsakar gida ba tare da an kashe ko kwabo ba. Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa, a wannan babi kuwa maganarsu ta dace da hujja. Sai dai a kiyaye, motsi ba ya warkar da ciwon, ba ya kuma maye gurbin magani. Tun 1993 aka fara samun magungunan da ke rage yawan tasowarsa, wadda aka ɗora a kansu kada ta bari don ta ji ƙarfi.

Zafi da sanyi a garinmu

Mutanen Jos suna da wata ni'ima da 'yan'uwansu na Sakkwato da Maiduguri ba su da ita, domin garin yana bisa tudu fiye da mita 1,200 daga gaɓar teku, iskarsa tana da sanyi mafi yawan shekara, har macen da ke da wannan larura tana iya fita tsakar gida ta motsa a watannin da takwararta ta can ba ta iya ɗaga hannu saboda gumi. Duk da haka lokaci yana da tasiri. A bazara, musamman cikin Maris da Afrilu, a yi motsin bayan sallar asuba ko kuma bayan la'asar sakaliya, a cikin inuwa, da sutura marar nauyi, a sha ruwan randa kafin a fara, a jiƙa ɗankwali a ɗora a wuya. A hunturu kuwa, cikin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi, tsokar mai wannan ciwo takan ƙara sanƙarewa, saboda haka a jira hantsi ya ɗaga, a fara a hankali har jiki ya saki. Zaman hantsin nan yana da wata fa'ida, domin daga hasken rana ne fata ke samar da bitamin D, wanda aka ga ƙarancinsa yana da alaƙa da ciwon, matan da ba su cika fita ba kuwa sun fi kowa bukatarsa.

Zafin da ya fi cutar da matanmu ba na rana ba ne, na murhu ne. Macen da sana'arta tuyar ƙosai ce ko masa ko awara, ta zauna gaban wuta tun sassafe har hantsi, in ta miƙe ta ji ƙafa ta ƙi ɗaukarta, sai ta ce ciwo ya tashi, alhali zafi ne ya tsayar da saƙo. Ba za mu ce ta bar sana'ar da take ci da 'ya'yanta ba, wannan magana ce ta wanda bai san talauci ba. Amma tana iya kafa murhun a inda iska ke ratsawa, ta ja da baya daga wuta tsakanin zubi da zubi, ta ajiye ruwan sanyi kusa, ta kuma bar wa wata aikin juyi in akwai mai taimako, ita ta riƙe ƙullu da ciniki. Haka nan gashi da ruwan zafi da turare na tsuguno mai tsawo da shiga bargo da garwashi, duk a yi hattara da su. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara su ma suna ɗaga ɗumin jiki su farfaɗo da tsofaffin alamomi, saboda haka a gaggauta maganinsu.

Yadda ake yin motsin

Sharaɗi na farko shi ne a nemi izinin likita, in da hali kuma a ga ma'aikacin sashen gashi na asibiti ko da sau ɗaya, ya duba tafiyar mace da ƙarfin gaɓoɓinta, ya zaɓa mata abin da ya dace da ita, domin abin da za mu faɗa a nan bayani ne na gaba ɗaya. Kayan aikin ba su wuce kujera mai ƙarfi mai majingina ba, wadda tsawonta ya kai gwiwa, da tabarma, da mayafi, da gorar ruwa 'yar rabin lita. Kujerar tsakar gida 'yar gajeruwa ba ta dace ba, saboda tashi daga kanta yana da wuya ga mai raunin ƙafa. A kawar da bokiti da turmi da igiyar shanya daga hanya, a tabbata daɓen ba shi da santsi, musamman da damina.

A fara a zaune, baya a miƙe, tafin ƙafa biyu a ƙasa. A ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, a sake shi ta baki, sau 5. Sa'an nan a juya wuya dama da hagu sannu-sannu, a ɗaga kafaɗu a sauke, a miƙa hannuwa gaba a buɗe yatsu a dunƙule. Daga nan a koma ƙafa: a ɗaga gwiwa ɗaya a sauke, a ɗaga ɗayar, tamkar ana tafiya a zaune, a miƙe ƙafa ɗaya har gwiwa ta warware, a riƙe gwargwadon ƙirga 5, a sauke, a ɗaga yatsun ƙafa sama diddige na ƙasa, wannan kuwa yana da muhimmanci ƙwarai ga mai jan ƙafa, domin raunin tsokar nan ne ke sa yatsu su riƙa tuntuɓe da dokin ƙofa. Kowane ɗaya a yi shi sau 5 a makon farko, a riƙa ƙarawa har a kai 10. A ɗauki gorar ruwa a lanƙwasa hannu da ita zuwa kafaɗa, a ɗaga ta sama in kafaɗa ta yarda.

Motsin da ya fi kowanne daraja a ganina shi ne tashi da zama, kuma da za a ce mace ta zaɓi guda ɗaya ta bar saura, shi zan zaɓa mata. Ta matso bakin kujera, ta ja ƙafafunta baya kaɗan, ta sunkuyo har hancinta ya daidaita da yatsun ƙafa, ta miƙe tsaye, sa'an nan ta komo ta zauna a hankali ba tare da ta faɗa kan kujerar ba, komowar nan a hankali kuwa ita ce rabin aikin. In da farko sai ta dafa, to ta dafa. Dalilin fifikonsa shi ne, da ƙarfin cinyar nan mace take tashi daga gado, ta shiga makewayi ita kaɗai, ta hau keke, ta miƙe daga raka'a. Muddin yana nan, sirrinta yana rufe, ba ta bukatar a ɗaga ta a kwantar, wanda kuwa ya taɓa ganin hawayen mace mai kunya a ranar da ta fara bukatar haka ya san abin da nake nufi.

Wadda ke iya tsayuwa ta dafa bango ko bayan kujera, ta yi ɗage a kan yatsu ta sauka, ta ware ƙafa gefe ta mayar, ta gwada tsayuwa ƙafafu a haɗe, daga baya ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, kullum dai hannu yana kusa da abin kamawa. A kan tabarma kuwa, ta kwanta rigingine gwiwoyi a lanƙwashe, ta ɗaga ƙugu sama ta sauke. Ta saƙala mayafi a tafin ƙafa ta jawo shi a hankali har ta ji sharaɓa da bayan cinya sun miƙe, ta riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 ba tare da fizga ba, wannan shi ne abokin mai sanƙarewar tsoka, ana kuma iya yinsa kullum. Mai matsalar fitsari ta koyi matse tsokar da ake riƙe fitsari da ita, ta riƙe ƙirga 5 ta saki, sau da yawa a wuni, a zaune ko a kwance, babu mai sanin tana yi. Kada kuma ta rage shan ruwa don tsoron fitsari, yin haka yana jawo ciwon mafitsara da taurin ciki.

Tafiya a fara ta da minti 5 a tsakar gida ko a zaure. Titunan Kwararafa da kewayen babban masallacin Juma'a suna da cunkoson 'yan kasuwa da kekuna da kwatoci, unguwanninmu da yawa kuma hawa da gangara ne da duwatsu, saboda haka in za a fita a zaɓi lungu mai shimfiɗa da lokacin da jama'a ba su yi yawa ba, a sa takalmi mai riƙe diddige, a tafi da abokiyar tafiya. Sanda ba abin kunya ba ce. Likitocin Turai suna yaba motsi cikin ruwa mai sanyi, amma kada wannan ya kai kowa ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a bayan gari, suna da zurfi, sun kuma ci rayuka.

Mizanin da za a auna ko an wuce iyaka mai sauƙi ne. Muddin mace tana iya magana tana motsin, to tana kan daidai. In numfashi ya hana ta haɗa jumla, ta sassauta. In bayan sa'a 2 da gamawa gajiyarta ta fi ta kafin ta fara, to ta yi israfi, gobe ta rage. In gani ya dushe ko minjirya ta ƙaru a tsakiyar aiki, ta zauna a inuwa ta sha ruwan sanyi, kada ta firgita. Amma in wata sabuwar alama ta zo ta wuce sa'a 24 ba tare da zazzaɓi ba, wannan yana iya zama tasowar ciwon, a dakatar da motsi mai nauyi a nufi asibiti. Haka nan ciwon ƙirji ko faɗuwa mai rauni. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na ranar jin daɗi: mace ta wayi gari da ƙarfi, sai ta ce bari ta rama bashin aiki, ta yi wanki ta yi shara ta je Faringada cefane, sa'an nan ta kwanta kwana uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Salla da azumi da jego

Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame tun kafin ya roƙa. Buhari ya ruwaito cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai kukan larurarsa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ba shi izinin yin salla a tsaye in ya iya, ko a zaune, ko a kishingiɗe, malamanmu na Malikiyya kuma sun yi bayanin tartibin wannan a babin sallar marar lafiya. Saboda haka wadda jiri ke ɗibarta kada ta jefa kanta cikin halaka da tsayuwa, wadda kuma ke iya tsayuwa kada kasala ta zaunar da ita. Lokutan salla suna da amfani wajen ɗaure al'ada, domin macen da ta ce bayan asuba da bayan la'asar za ta yi minti 10 ta fi kusa da dawwama a kai bisa ga wadda ta ce sai ta sami sarari; 'yan'uwanmu Kirista ma suna iya ɗaura nasu da addu'ar safe da ta yamma. A watan Ramadan a tambayi likita kafin a ɗauki azumi, in an ɗauka a mayar da motsin bayan buɗe baki, in kuwa azumin yana cutarwa, ƙofar ramuwa a buɗe take.

Ciwon ba ya hana aure ko haihuwa. Wani bincike da aka buga a 1998 a kan mata fiye da 250 a ƙasashen Turai ya nuna cewa yakan lafa a lokacin goyon ciki, musamman a watanni 3 na ƙarshe, sa'an nan haɗarin tasowarsa ya ƙaru a watanni 3 na farko bayan haihuwa. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin wankan jego, inda ake fyaɗa wa maijego tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana 40. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta tsananin wankan nan da kwanciya kan gadon wuta da yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ga mai zaizayar jijiya kuwa akwai ƙarin illa, domin zafin yana iya kashe mata ƙafa a cikin makewayi ta faɗi. Ina roƙon iyayenmu mata da ungozomomi, waɗanda na san ƙauna ce ke sa su dagewa, su sassauta ruwan ya zama mai ɗumi kawai, kada kuma a bar ta ita kaɗai a wurin wanka. Wadda ke shan maganin ciwon ta sanar da likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin wasu magungunan ba su dace da mai juna biyu ba.

Haƙƙin da ke kan mutanen gida

Mutanen gida sukan kasu biyu a kan mai wannan larura, dukansu kuwa suna cutar da ita. Akwai masu ganin jikinta lafiya lau a ido, babu rama babu kumburi, sai su ce son jiki ne, har uwar miji ta riƙa yi mata habaici. Akwai kuma masu tausayin da ya wuce kima, da ta ɗauki tsintsiya sai a ce, "Haba Yaya, ajiye, ki kwanta ki huta," har a wayi gari ba ta da wani aiki a gidanta sai kallon rufi. Maslaha tana tsakani. A ɗauke mata ɗaukar ruwa da daka da doguwar tsayuwa gaban wuta, a bar mata tsintar shinkafa da gyaran kayan miya da ninke tufafi da kitso da yi wa yara tilawa, waɗanda ke motsa yatsu, suna kuma tabbatar mata cewa har yanzu ita ce uwar ɗakinta. Maigida ya sani cewa rakiyarta asibiti da ba ta izinin zagayawa da maƙwabciya suna cikin kyautata zaman aure da addini ya umarce shi da shi. In an sami mata biyu ko uku a unguwa, ko da larurarsu ba iri ɗaya ba ce, kamar mai ciwon gwiwa da wadda ta farfaɗo daga shanyewar ɓarin jiki, su riƙa haɗuwa a gida ɗaya suna yi tare bisa shawarar asibiti, hira tana rage nauyin aiki.

Aikin wannan mako shi ne kowace ɗaliba ta rubuta a littafinta alamomi huɗu na ciwon, da abubuwa uku da ke ɗaga zafin jiki a gidanta, ta kuma gwada tashi da zama sau 5 don ta iya nuna wa wata. Wadda ta san wata mace a danginta ko a lungunsu da aka kwantar saboda irin waɗannan alamomi, ta je ta gaishe ta, ta karanta mata wannan darasi a gaban mijinta ko mahaifiyarta, ta kuma ƙarfafa musu gwiwa su kai ta asibiti a duba ta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.